Inda Direba Yake Faɗawa

Mijina direban bas ne. Ya daɗe a kan aikin har unguwa ta manta sunansa, kowa Direba yake ce masa, ni ma haka. Shi kuma Kwandasta yake kirana, wai don ni ce mai ihu a gidan.

Da shanyewar ɓarin jiki ta same shi, ya ajiye tuƙi ya dawo kujerar bakin taga. Hannunsa na dama ya yi nauyi, yatsun sun ƙi lanƙwasuwa. Likita ta ce a samo masa abin da zai riƙa motsa babban yatsa da shi, ko da abin wasan yara ne. 'Yarmu Auta ce ta je wajen masu sayar da kayan hannu ta tono masa wata 'yar na'urar gem, girmanta bai wuce sabulun wanka ba. Rubutun jikinta da wani yare ne da babu wanda ya iya karantawa a cikinmu. Gem ɗaya ne kawai yake aiki a ciki. Wani ɗan mutum ne ɗauke da kwali a ka, yana gudu a kan rufin gidaje. Ba a tsayar da shi, ba a juya shi. Maɓalli ɗaya ne, in ka danna ya yi tsalle. In ya faɗa tsakanin gida da gida, kiɗan ya katse, wani ɗan sauti ya gangaro kamar an saki ƙwarya a matakala, a koma farko.

Kiɗan nan ya ishe ni. Ni guga nake yi wa mutane, kuma teburina a falon yake, kusa da kujerarsa. Ina kan wuyan riga, kiɗa na kan kunnena. Zai yi ta tafiya, ya yi nisa, ya yi nisa, sai in ji ya gangaro, sai Direba ya ce, “Kash!” Kullum a wuri ɗaya. Bai taɓa wuce wurin ba.

“Kai da ka tuƙa mutum cike da mota, ɗan aike ɗaya ya gagare ka?”

“Titin ne ba kyau, Kwandasta. Ke dai yi gugarki.”

Wata rana na'urar ta suɓuce masa ta faɗi, wani baƙin ɗigo ya fito a gefen gilashin kamar an ɗiga tawada. Na ce to alhamdu lillahi, kunnena zai huta. Bai huta ba. Ɗigon yana ta faɗi, shi kuwa ya ci gaba da abinsa har safiyar da ya ce kansa na sara, muka tafi asibiti, na dawo ni kaɗai. Allah ya jiƙansa.

Na sa na'urar a durowa ƙarƙashin tawul, ban ƙara dubanta ba.

An ɗan kwana biyu, mutane sun daina zuwa gaisuwa, Auta ta koma garin da take aiki. Wata hantsi ina guge wani farin wando, sai na ji bakina yana bin kiɗan. Na bi farkonsa daidai. Da na zo inda zai juya, sai na ji na faɗa cikin waƙar tallan omo da ake sawa a rediyo. Na koma farko. Na sake faɗawa cikin omo. Na ajiye dutsen guga a tsaye. Abin da na ji safe da yamma har na ƙosa, yanzu na neme shi a kaina babu. Muryar Direba ma na lura ta fara yi mini nisa. In na so jin ta, ta wajen “Kash” ɗin nan nake kamo ta, shi kuwa “Kash” a ƙarshen kiɗan yake zaune. In kiɗan ya tafi, ban san ta inda zan bi in same shi ba.

Na ɗauko na'urar na sa mata caji. Ta kunnu. Amma ɗigon nan ya zama tabo, ya cinye ɓangaren dama, daidai inda ramukan tsakanin gidajen suke fitowa. Na danna. Na tsallake na farko da kyar, na biyu ban ma gan shi ba sai da na ji na gangara. Sai a lokacin na gane irin halin da nake ciki. Kiɗan ba ya tafiya sai ɗan mutumin yana raye. Wanda bai kai inda Direba yake kaiwa ba, ba zai ji abin da Direba yake ji ba.

Akwai mai gyaran waya a bakin titinmu, ana ce masa Injiniya. Na kai masa. Ya jujjuya ta, ya shinshina bayanta, ya matsa da yatsa.

“Mama, wannan ai ta girme ni.”

“Ban zo neman mata miji ba. Za ta gyaru?”

“Batir ɗin ya kumbura, kin ga bayan ya tashi. Gilashin kuwa tawadarsa ce ta fashe, ci za ta yi ta yi har ta rufe. Irin kayanta an daina yi. In na buɗe ta, ban yi miki alkawarin za ta sake tashi ba.”

Na faɗa masa kiɗan nake so. Ya yi dariya ya ce ai wannan mai sauƙi ne, shi da gem tun yana rarrafe. Ya gyara zama, ya danna, ya faɗa a rami na biyu. Ya sake, ya faɗa. Ya ce ba laifinsa ba ne, mutum ba ya tsallake abin da bai gani ba. Ya ɗauki hoton rubutun ya bincika a wayarsa, ya sa mini kiɗe-kiɗe iri-iri, masu kama da shi da marasa kama, babu nawa a ciki. Ya naɗa mini ɗan farkon a wayata, wanda dama shi nake da shi.

Da zai miƙo mini ya daina dariya. “Mama, kada ki riƙa kunna ta barkatai. Duk kunnawar da kika yi, ki ɗauka ita ce ta ƙarshe.”

Maganar nan ta bi ni har gida.

A saman benenmu akwai wata dattijuwa da nake yi wa guga, kowa Malama yake ce mata. Ta koyar da kiɗa a makaranta har ta yi ritaya. Tana da fiyano tsohuwa, baƙa, an shimfiɗa mata farin ƙyalle a ka, ni nake guge ƙyallen. Bakin Malama ya fi allura kaifi, shi ya sa sai da na kai mata kaya sau da yawa ina komawa da maganata a ciki. Ranar da na faɗa, a bakin ƙofa na faɗa, kayanta na hannuna.

“Shigo ki rufe mini ƙofa, ƙuda ba ɗalibina ba ne. Sa in ji.”

Ban kunna na'urar ba, na sa mata na waya. Ta saurara ido rufe. Ta ɗaga murfin fiyano, ta taɓa nan, ta taɓa can, sai ga kiɗan ya fito daga cikin katakon, a hankali, da kauri, kamar yaron da ka sani ya dawo da gemu. Na zauna a hannun kujera.

“Sai me?” in ji ta.

“Iyakar inda nake kaiwa ke nan.”

Na ba ta labarin duka. Na ce so nake in kai inda Direba ya kai, kuma duk abin da aka samu a sa mini shi a hannu, in iya bugawa da kaina.

“In an samu ai sai a naɗa miki a waya, ki huta, in huta.”

“Waya ma mutuwa take yi, Malama.”

Ta ɗaga hannuwanta ta nuna mini. Gaɓoɓin yatsunta duk sun kumbura sun karkace. “Hannu kuma a ce miki ba ya mutuwa?” Ta dube ni ta saman tabarau. “Wanke hannunki ki zo. Kuma ki sani, ba na liƙa takarda a kan fiyanona. Mai son sanin hanya ya dubi baƙaƙen maɓallan. Ga biyu, ga uku, ga biyu, ga uku. Farin da ke hagu da biyun nan, nan ne ƙofar gidanki. In kin ɓata, ki koma can.”

Haka muka fara. In na gama gugar safe sai in hau. Ranar farko na dunƙule hannu na riƙa danna fararen da babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya.

“Me nake gani haka? Ƙwaro kike kashewa?”

“Haka Direba yake yi.”

“Shi maɓalli ɗaya gare shi. Ke Allah ya ba ki yatsu cike da hannu, kin aiki ɗaya, sauran suna zaune kamar dangin miji. Buɗe su.”

Hannun da ya saba danne dutsen guga bai san sassauci ba. In na taɓa, sai ɗakin ya amsa kamar na buga ƙofa. Yatsan kusa da ƙarami ya ƙi tashi shi kaɗai, sai ya ja ɗan'uwansa. Malama tana zaune a gefena da sandarta, tana buga ƙasa, tana cewa na yi sauri, na yi nauyi, na bar gida. In na sauko, sai in yi ta yi a gefen teburin guga, yatsuna suna tafiya a kan bargo, babu sauti. Farkon kiɗan gajere ne, yaro zai ɗauke shi kafin shayi ya huce. Ni sai da na yi ta fama kafin ya zauna.

Amma farkon ba shi ne damuwata ba. Mun yi doka, ba a kunna na'urar sai a ɗakin Malama, tana zaune a gaban fiyano, wayata na naɗa. In kunna, in gwada kaɗan, in kashe. Kullum rami na biyu, in an yi sa'a na uku. Kuma kullum tabon ya ƙara faɗi. Na fara auna shi da farcena. Yau ya kai nan, jibi ya wuce. Ɗan mutumin da ke can hagu shi ma baƙin ya fara lasar kwalinsa.

Barci ya rage mini, abinci ya rage. In ina guga sai in je in buɗe durowa in taɓa bayanta in ji ko ya ƙara tashi. Ranar da aka yi zafi sosai na naɗe ta a tawul na kai ta ɗakin da ya fi sanyi, sai kuma na ji tsoron danshi na dawo da ita. Auta ta bugo waya, ta ji muryata.

“Mama, wai har yanzu abin nan ne? Ki bari in na zo hutu in buga miki.”

“Ba ki ga gilashin ba. Kuma ba ta da ran jiran hutunki.”

“To in ta mutu fa? Baba ba a cikinta yake ba, Mama.”

“Na sani.”

“Kin ci abinci?”

Na ce na ci. Ta yi shiru irin na ubanta, wanda yake nufin an ji amma ba a yarda ba.

Sai ga ranar da na danna ta ƙi tashi. Na danna, na sake dannawa. Na girgiza ta, na hura mata iska, na ɗumama ta a tafin hannu. Ina shirin sa kuka sai gilashin ya yi haske. Amma muryar ta canza, ta dishe, kamar mai mura. Na yi sauri na danna, na faɗa a rami na farko ma. Na kashe na kife ta a cinyata.

“Na haƙura, Malama. Wanda yake da lafiyar ido da hannu, Injiniya, ya kasa. Direba da hannu shanyayye, ban san yadda yake yi ba.”

“Tabon yana nan lokacin da yake bugawa?”

“Yana nan. Bai kai haka ba, amma ramukan ya rufe su tun yana da rai.”

“To da me yake gani?”

Na buɗe baki in ce ban sani ba, sai na gan shi. Kansa a jingine da kujera, ido a rufe, na'urar a kan ciki, ƙafarsa mai lafiya tana buga ƙafar teburina har ruwan da nake yayyafa wa kaya yana rawa a kofi. Sau nawa na ce masa, “In barci za ka yi ka kashe mana abin nan,” ya ce, “Direba ba ya barci a kan hanya.” Ni duk zatona gyangyaɗi yake.

“Ido a rufe yake bugawa,” na ce.

Malama ta buga sandarta a ƙasa. “Zo nan. Buga mini farkon. A hankali.”

Na buga.

“Tsaya. Kin ji 'yan ukun nan masu sauri, sannan ɗaya ya haura sama? A gem ɗin me ke faruwa a nan?”

“Ramin farko.”

“Ci gaba. To, ga su kuma. Nan fa?”

“Na biyu.”

“Kin gani? Wanda ya yi abin nan a kan kiɗan ya gina gidajen. Ukun nan sallama ce, na saman shi ne tsalle. Mijinki da kunne yake tuƙi. Ke kuma kin ƙura wa tawada ido kina jiran ta yi miki magana.”

Ba mu sake kunnawa ba ranar. Ta sa na yi ta buga farkon da hannun dama, na'urar a kashe a hannun hagu, duk inda na saman ya zo in danna maɓallin. Na yi ta yi har babban yatsana ya daina tambayata.

Washegari na kunna, na rufe ido. Tsoro ya kama ni kamar an ce in tsallaka titi a makance. Ukun suka zo, na danna. Kiɗan bai katse ba. Suka sake zuwa, na danna. Na wuce na uku. Sai kiɗan ya juya, ya shiga inda na daɗe ban ji ba, daidai wurin da tallan omo yake sace mini shi. Daɗi ya sa na buɗe ido, nan take na gangara.

“Wa ya ce ki duba?” in ji Malama. Amma hannunta yana kan fiyano, ta riga ta kama sabon.

Daga nan aikin ya zama haka. In ciro ɗan guntu daga na'urar, mu kashe ta, Malama ta fitar da shi, ni in koya. Ba ta yarda a sake kunnawa sai guntun ya zauna a hannuna, don ta ce wanda bai san inda yake ba shi ne ke firgita ya danna kafin lokaci. Ni kuwa jiran nan ne yake cina. Wani guntun yana da baƙi a ciki, yatsana ya yi ta zamewa a kansa. Ina zaune ina fama da baƙin maɓalli ɗaya, raina yana ƙasa a cikin durowa, ina tunanin ko yanzu haka batir ɗin yana fashewa.

“Malama, mu kunna mana. In na gama cirowa na koya daga baya.”

“Ki kunna ki faɗi a inda kika riga kika wuce, ki ƙone mata rai a banza? Sake daga gida.”

Kowane guntu da abin da yake zuwa da shi. Akwai inda in ya zo nakan juya riga in kama gugar hannun rigar. Akwai inda Direba yakan ɗaga gira. Ban san na ajiye waɗannan ba sai da kiɗan ya buɗe su. Abin da ban sani ba shi ne saura nawa. Malama ta tambaye ni, na ce in na ji zan gane. Ta ce wannan ba amsa ba ce. Na ce ita gare ni.

Gilashin ya rufe duka, ɗan mutumin ya ɓace. Muryar ta koma can ƙasa, sai na kanga ta a kunne, Malama ta matso da kujerarta har kafaɗarmu na gugar juna. Wani lokaci sautin ya ɗauke ya dawo. Bayan na'urar ya tsage kaɗan, na ɗaure da zaren roba.

Ranar da abin ya faru, da yamma ce, rana ta shigo ta tagar Malama ta kwanta a kan farin ƙyallen. Na danna ba ta tashi ba sai da na daɗe ina riƙe da maɓallin. Ta yi ɗumi a hannuna tun kafin a fara.

“In kin faɗi yau, kada ki sake,” in ji Malama. “Ba na son ɗumin nan.”

Na rufe ido. Farkon ya wuce. Juyin ya wuce. Wurin baƙin maɓallin ya wuce. Gumi yana bin bayana, ina jin zuciyata a cikin babban yatsa. Na wuce inda muka tsaya a karon baya, na shiga sabo, ukun suka zo, na danna, na tsira. Sautin ya ɗauke. Na ce shi ke nan. Ya dawo.

Sai kiɗan ya fara hawa, taki-taki, kamar mota a kan tudu. Nan ne. A nan nake ɗaga dutsen guga in tsaya, don na san abin da ke tafe. A nan ƙafarsa take daina buga teburina.

Ukun suka zo.

Ban danna ba. Ba dabara ba ce, mantawa na yi ni ce mai bugawa. Na tsaya ina jira ya ce “Kash.” Na saki kunne gaba ɗaya wajen kujerar bakin taga, wadda take can ƙasa a falona. Kuma na ji shi. Ba da kunne ba, amma na ji, da 'yar dishewar nan tasa da dariyar da ke bin baya.

A cikin na'urar kuwa shiru ne ya biyo bayan ukun, ɗan kaɗan, kamar a ja numfashi. Sannan na saman ya zo, yatsana ya danna da kansa.

Kiɗan bai gangara ba. Ya ci gaba. Wani abu ne mai faɗi, a hankali, wanda ban taɓa ji ba, kuma shi ma bai taɓa ji ba. Na rasa yadda zan yi da shi. Na sauke na'urar daga kunnena na riƙe ta a cinya, ɗan mutumin yana ta gudu a cikin duhu, har ya kai wani ramin ya faɗa. Malama ta miƙo hannu ta kashe.

Ta ajiye na'urar a kan farin ƙyallen. Sannan ta juya ga fiyano, ta buga hawan, ta buga ukun, ta ɗaga hannu, ta sauke a kan na saman.

“Kin ji abin da ya yi ta kayar da shi? Ko'ina ukun na ƙarewa ake tsalle. Nan kaɗai aka sa shiru a tsakani. Shi kuma ya saba, sai ya danna a cikin shirun.”

Sai na ji dariya ta taso mini tare da kuka. “Mutumin da tun kafin danja ta ba da hannu ya sa giya. Fasinja na da ƙafa ɗaya a ƙasa ya ja mota. Ina zai iya jira?”

“To ke kin jira.”

“Ni shi nake jira, Malama.”

Ta ciro hankici daga hannun rigarta ta ba ni, wanda ni na guge shi. “Kada ki jiƙa mini katako. In kin gama, zo ki ɗauki hawan nan tun yana da zafi.”

Na'urar ta sake tashi bayan nan, amma babu murya, sai ɗan haske a gefe. Daga baya hasken ma ya daina. Na kai wa Injiniya ya cire batir ɗin don kada ya yi ɓarna, ya ba ni gangar jikin, tana nan a durowa.

Hawan ya ba ni wuya fiye da duk sauran, don sai babban yatsa ya bi ta ƙarƙashin 'yan'uwansa ya fito gaba. Malama ta ce ga shi nan, yatsan da nake ji da shi an ba shi aiki ya kasa. Amma ya shiga. Yanzu ina buga shi daga farko har wurin, da hannu ɗaya, ba sauri. Da Auta ta zo hutu na hau da ita sama na buga mata. Tun a juyin farko ta fita ta tsaya a matakala, sai da na gama ta dawo ta ce wai wani abu ne ya shiga mata ido.

Guntun bayan ramin Malama ta kama shi, yana cikin wayata kuma. Ta yi ta cewa in zo ta koya mini, gajere ne, ya ma fi hawan sauƙi. Na ce mata ba yanzu ba. Ba ta matsa ba, abin da ba halinta ba.

Abin da muke faɗa a kai shi ne shirun. In na buga ukun sai in ɗaga hannu in tsaya. Tana kicin tana haɗa shayi, sai in ji sanda a ƙasa.

“Numfashi ɗaya aka ce, Matar Direba! Wannan ai har an sauke fasinja an ɗebi wasu!”

Ina jin ta. Sai na ba shi lokaci ya gama faɗin abinsa, sannan in sauke yatsa a kan na saman.